Ƙurungu da Makamantansa a Magama: Yadda Ake Tantance Kifin Gulbin Gada

Cikin kifin da ake kasawa a Magama da kasuwar Jibiya akwai wani mai gashin baki, gajere, mai kaurin kai, wanda ke zaman ƙasan ruwa yana kiwo cikin taɓo. Masunta suna kiransa ƙurungu. Wanda ya saba da littattafan kifin Asiya, ko ya taɓa ganin kifin ado a akwatin gilashi, yakan ɗauka ɗan uwa ne ga wani kifin can da Ingilishi ke kira loach, wanda masana suka tara danginsa a ƙarƙashin sunan Cobitoidea, a taƙaice dangin kobitis. Dukansu biyu suna da gashin baki, bakinsu yana kallon ƙasa, suna da ƙaya mai kullewa, suna kuma yin ƙara in an taɓa su. Amma kama da wane ba wane ba ne. Raba su aiki ne na ƙidaya da awo, kuma bakin iyakar nan wuri ne da ya dace a koyi aikin, domin ruwan da kifin ke ciki ya ratsa ƙasa biyu.

Daga birnin Katsina zuwa Magama tafiyar kilomita 40 ce da 'yan kai, ta yamma. Mota takan wuce barikin soja na Natsinta, ta ratsa Daddara, ta bi ta gonakin gero da dawa da wake a ƙasa mai rairayi, ana tsayawa a shingayen jami'an tsaro ɗaya bayan ɗaya. Shekarun nan rashin tsaro ya sa direbobi sun fi son tafiyar rana. A Magama hanya ta rabu. Ɗaya ta shiga garin Jibiya ta zarce Gurbin Ɓaure da Zurmi har Ƙauran Namoda, ɗaya kuma ta nufi arewa, ta bi ta ofisoshin kwastan da na shige da fice, ta faɗa Ɗan Isa a ƙasar Nijar, daga nan sai Maraɗi. An rufe wannan ƙofa a watan Agustan 2019 har zuwa Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sai a 2024 aka buɗe. Ta wannan yanki ne kuma aka tsara layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai bi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021.

Gulbi bai san da waɗannan rufe-rufe ba. Gada ya taso daga tuddan Jihar Katsina, ya biyo ta Jibiya, ya tsallaka Nijar inda ake kiransa Gulbin Maraɗi, ya wuce Madarumfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya karkato ya dawo Najeriya ta wajen Sabon Birni ya haɗu da Rima. Rima ta kai ruwan Sakkwato da Argungu, daga can ya zuba a Kwara. Wannan hanya ita ce mabuɗin sanin kifin wurin: duk abin da ke rayuwa a Gada asalinsa daga ruwan Kwara yake, ya hauro da damina lokacin da tafkuna da ƙoramu suka haɗe. Gulbin yana gudu ne kimanin wata 4 a shekara, sauran watannin rairayi ne da 'yan kududdufai. Shi ya sa aka gina madatsar Jibiya a ƙarshen shekarun 1980 domin noman rani da ruwan sha. Gini ne na ƙasa da aka shimfiɗa wa roba a fuska don kada ruwa ya tsiyaye, tsawonsa mita 3,660, tsayinsa mita 23.5, yana riƙe ruwa cubic mita miliyan 142, kuma hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da shi. Da madatsar ta cika, sai aka samu ruwa mai zurfi da ba ya ƙafewa a inda da babu, su kuma ya zama sana'ar shekara maimakon ta 'yan watanni. Masunta suna shiga da kwale-kwale da gora, suna kafa kalli da mamari da gura, wasu suna jefa birgi a bakin gaɓa, kuma akwai Sarkin Ruwa kamar yadda aka saba a kowane babban ruwa na ƙasar Hausa. Mutanen Jibiya sun san ɗaya fuskar ruwan ma, domin ambaliyar Yulin 2018 ta ci rayuka da dama ta rushe gidaje masu yawa a garin.

Kafin a duba jikin kowane kifi akwai tambayar da ake fara yi: a ina aka kama shi? Inda aka sayar da kifi daban, inda aka kama shi daban, musamman a garin iyaka. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, ana samun ɗanyen kifin madatsa, da tarwaɗar da aka yi kiwo a tafkin siminti, da banda da ke zuwa cikin kwali daga manyan ruwaye masu nisa, da kifin teku mai ƙanƙara. Wanda ya sayi banda a Magama ya rubuta cewa kifin Gulbin Gada ne ya shigar da ƙarya cikin ilimi, ko da bai yi niyya ba, kuma irin wannan kuskure yakan daɗe a littattafai ana kwafarsa. Banda ma ba ta da amfani sosai ga mai tantancewa, domin wuta ta ƙone gashin baki, ta ɓata launi, ta lanƙwashe jiki. Mai neman gaskiya sai ya yi sammako zuwa bakin madatsa lokacin da masunta ke fitowa da kamun dare. Sai kuma ya roƙi masunci tun da wuri kada ya karya ƙayar ƙurungun, domin al'adarsu ce su karye ta da zarar sun cire shi daga kalli, saboda sukarta tana da raɗaɗi kuma tana yaga raga.

Dangin kobitis sun haura iri 1,000, kusan dukansu a Asiya da Turai, mafi yawa a ƙoramun Indiya da Sin da Indunusiya da maƙwabtansu. Yawancinsu ƙanana ne, dogaye, masu gashin baki daga sili 6 zuwa sama. Fitacce a cikinsu shi ne wani mai launin ruwan lemo da baƙaƙen zane 3 a jiki, ɗan tsibiran Sumatra da Borniyo, wanda ake fitar da shi duniya don ado. Pieter Bleeker, likitan sojan Holan a Indunusiya, shi ya fara bayyana shi a 1852 da sunan Cobitis macracanthus. Daga baya aka mayar da shi gidan Botia, ya zauna nan shekaru masu yawa, har Maurice Kottelat ya sake nazarinsa a 2004 ya ware masa gidan kansa, Chromobotia. Akwai kuma wani siriri mai zobba-zobba, Pangio kuhlii, wanda Valenciennes ya bayyana a 1846 daga tsibirin Java. Yawancin waɗanda ake sayarwa da sunansa a shagunan kifin ado wasu ire-ire ne makusantansa. Wannan kaɗai ya nuna cewa suna yana iya bin kifi shekara da shekaru alhali ba nasa ba ne.

Alamomin da ake gane kobitis da su ba su da yawa. Ba shi da haƙori ko ɗaya a muƙamuƙi. Haƙoransa suna can cikin maƙogwaro, jeri guda, da su yake niƙa abinci, da su kuma mai zanen nan yake yin ƙarar da ake ji. Yawancinsu suna da ɓamɓaroki, sai dai ƙanana ne ƙwarai, a nutse cikin fata. Ƙayar da wasunsu ke kare kai da ita tana ƙarƙashin ido, a kwance cikin wani ɗan kwarmi, sai an tsorata kifin take miƙewa, bakinta a rabe biyu.

In aka ɗora ƙurungu a tafin hannu aka bi waɗannan alamomi, ko ɗaya ba ta tsayawa. Fatarsa sumul take, babu ɓamɓaroki ko kaɗan. Ƙarƙashin idonsa babu komai. Ƙayoyinsa 3 ne, ɗaya a gaban fiffiken baya, biyu a gaban fika-fikan ƙirji, masu ƙarfi, masu tsagi irin na zarto, kuma yana iya kafe su ta yadda ba a lanƙwasa su sai dai a karya. Kukan da yake yi in an fito da shi daga ruwa ba daga maƙogwaro yake ba, gindin ƙayar ƙirji ne ke gogar gurbinsa na ƙashi. Kansa a rufe yake da kwalkwalin ƙashi wanda ya miƙe har gindin ƙayar baya. Tsakanin fiffiken baya da wutsiya akwai wani tozo na nama marar ƙashi, babba. In aka buɗe bakin kuwa, ga haƙora nan: wani faffaɗan tsari na ƙanana a sama, da wani curi na sirara masu lanƙwasa a leɓen ƙasa, waɗanda ke motsi in an taɓa su. Gashin bakinsa sili 6 ne, biyu dogaye a sama, huɗu a haɓa, kuma na haɓar suna da rassa. Waɗannan sun isa su fitar da shi daga rukunin Cypriniformes, inda kobitis yake, su kai shi rukunin Siluriformes tare da tarwaɗa da ragon ruwa da minjirya. Danginsa Mochokidae ne, waɗanda ba a samun su ko'ina a duniya sai Afirka, gidansa kuma Synodontis, sunan da Georges Cuvier ya raɗa a 1816.

Nan ne aikin ke ƙara tsauri, domin gidan Synodontis ya haura iri 130, kuma ruwan Kwara da rassansa suna da rabo mai tsoka a ciki. A kasuwa dukansu ƙurungu ne, ko da yake tsofaffin masunta suna bambanta su da launi da girma da inda suke kwana. Masani yakan fara da ƙashin kafaɗa, wani tsinin ƙashi da ke saman gindin ƙayar ƙirji yana kallon baya. A wani iri yana da tsini, a wani bakinsa a dakushe yake, a wani yana da tudu a tsakiya, a Synodontis budgetti kuwa har 'yan ƙayoyi yake ɗauke da su. Wannan ƙashi ba ya canzawa da ƙiba ko rama, shi ya sa aka fi dogara da shi a kan launi. Daga nan sai a ƙirga haƙoran leɓen ƙasa da allura da gilashin ƙara girma. Sai a duba dogon gashin baki na sama: yana da rassa ko babu, yana da fatar da ta bi gefensa ko babu, ya kai ina in an kwantar da shi a jiki. Sai a duba tsagar kunne, ko ta tsaya daidai gindin ƙayar ƙirji ko ta gangara ƙasa da shi. Sai ƙayar baya, ko gabanta sumul ne ko yana da tsagi. Launi shi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi yaudara, domin ƙaramin ƙurungu yakan fito da ɗigo-ɗigo da zane waɗanda ke ɓacewa in ya girma, har an sha ɗaukar ɗa da uwa a matsayin iri biyu.

Da waɗannan ma'aunai ake raba ire-iren da aka sani a ruwan Kwara. Synodontis schall, wanda Bloch da Schneider suka bayyana a 1801 daga kogin Nilu, shi ne ya fi yaɗuwa: ƙashin kafaɗarsa mai tsini, gashin bakinsa na sama ba reshe, haƙoran ƙasa fiye da 20, jikinsa ruwan ƙasa ko ruwan toka. Synodontis clarias, wanda Linnaeus ya sa wa suna a 1758, ba ya ɓuya in ya girma saboda jar wutsiyarsa, ga shi kuma har gashin bakinsa na sama yana da rassa, haƙoransa kuma ba su cika wuce 10 ba. Synodontis sorex ma haƙoransa kaɗan ne, amma hancinsa ya fi tsawo. Synodontis nigrita baƙi-baƙi ne mai ɗigo a ko'ina har fika-fikai. Mafi ban mamaki shi ne Synodontis batensoda, wanda Rüppell ya bayyana a 1832. Kifi na yau da kullum bayansa ya fi cikinsa duhu, domin tsuntsun da ke sama kada ya hange shi, babban kifin da ke ƙasa ma kada ya gan shi. Shi wannan cikinsa ne baƙi, bayansa ya fi haske, saboda yana yawan iyo a rigingine yana tsintar abinci a saman ruwa. Misirawan dā sun lura da haka, sun zana shi a kife a bangon kaburburansu, sun kuma ƙera surarsa da zinariya a matsayin laya. Ɗan uwansa Synodontis membranaceus ma haka yake iyo, ana gane shi da faffaɗar baƙar fatar da ke bin gashin bakinsa da tsagar kunnen da ta gangara ƙasa sosai. An daɗe ana ware waɗannan biyu a gidaje na daban, Brachysynodontis da Hemisynodontis, kafin a mayar da su cikin Synodontis. Babban aikin da ya tsara gidan duka shi ne na Max Poll, ɗan Beljiyam, wanda ya fito a 1971.

Tarwaɗa ba ta da wannan yawa, amma tana da nata tarko. Ita ma marar ɓamɓaroki ce, sai dai gashin bakinta sili 8 ne, babu reshe, kanta a baje, fiffiken bayanta dogo ne daga bayan kai har kusa da wutsiya kuma ba shi da ƙaya. A saman jan naman da take numfashi da shi akwai wata gaɓa mai rassa da ke shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take daɗewa a raye cikin kwarya da ɗan ruwa kaɗan, har takan ja jiki a jiƙaƙƙiyar ƙasa daga kududdufi zuwa wani. In aka ga fiffiken bayan ya tsaya a tsakiya, tozon nama ya ci gaba daga nan, to ba tarwaɗa ba ce, ramboshi ne, gidan Heterobranchus. Masunta ba sa haɗa su, kuma a nan saninsu ya yi daidai da na littafi. Inda ido ke gazawa shi ne tsakanin tarwaɗa biyu da ke zaune tare a ruwa ɗaya, Clarias gariepinus da Clarias anguillaris. Daga waje kusan ba a raba su. Sai an ɗaga marfin kunne an ƙirga tsinkayen tace abinci da ke jere a ƙashin farko: na gariepinus daga 24 har 110, na anguillaris daga 16 zuwa 50, adadin yana ƙaruwa da girman kifin, don haka dole a haɗa ƙidayar da tsawon jiki kafin a yanke hukunci. Sunan gariepinus ma yana da labari. Burchell ya raɗa shi a 1822 ga tarwaɗar kogin Gariep na Afirka ta Kudu, ita kuwa ta ƙasashen nan ana kiranta Clarias lazera tun 1840. Sai a 1982 Guy Teugels ya auna samfura daga sassan nahiyar ya nuna iri ɗaya ne, kuma ƙa'ida ita ce tsohon suna ke tsayawa. Har yau akan ci karo da lazera a rubuce-rubucen ɗalibai, alamar an kwafo daga tsohon littafi.

Gaiwa tana shiga maganar ta wata ƙofa. Akwai kobitis na gidan Misgurnus da ke haɗiyar iska yana numfashi ta hanji, yana nutsewa cikin laka in ruwa ya ja baya. Wanda ya ji wannan zai tuna gaiwa, wadda ke haƙa rami a taɓo in kududdufi ya ƙafe, ta lulluɓe kanta da yauƙi ya bushe ya zame mata kwanso, ta zauna watanni tana numfashi da huhu har ruwan sama ya dawo. Hausawa suna cewa jikinta take ci, kuma haka ne, da tsokarta take rayuwa a wannan lokaci. Richard Owen ya bayyana ta a 1839 daga samfurin da aka kawo daga Gambiya, sunanta yau Protopterus annectens. Halin ya yi kama, amma zumunta babu: gaiwa ta fi kusa da dabbobin tudu masu ƙafa huɗu a kan kusancinta da tarwaɗa ko kobitis. A gulbi irin Gada, mai ƙafewa wata 8, ita da tarwaɗa ne suka fi dacewa da wurin tun kafin a yi madatsa.

Ɗan uwan kobitis na haƙiƙa a waɗannan ruwaye shi ne wanda ba a zato: burdo, da wasu ke kira dumi, na gidan Labeo, kifi mai manyan ɓamɓaroki da kaurin leɓe wanda ke kankarar gansakuka a jikin duwatsu, tare da 'yan ƙananan kifaye masu sheƙi na gidan Enteromius da ake kamawa da koma a bakin gaɓa. A ido ba su yi kama da shi ba. Amma in aka buɗe bakinsu babu haƙori a muƙamuƙi, haƙoran suna maƙogwaro, kuma wannan ita ce shaidar rukunin Cypriniformes. Tsarin ƙashi da haƙora ya fi gashin baki nauyi wajen tabbatar da dangantaka, domin gashin baki kayan aiki ne na lalube da ɗanɗano a ruwa mai duhu, kuma duk kifin da ya zaɓi zaman ƙasan ruwa yana iya samunsa ko daga wane dangi ya fito. Duk da haka akwai zumunta mai nisa tsakanin ƙurungu da kobitis. Dukansu suna da wasu 'yan ƙasusuwa a bayan kai da ke haɗa jakar iska da kunnen ciki, suna ƙara musu ji. Ernst Heinrich Weber ya bayyana su a 1820, kuma kimanin kashi 2 cikin 3 na ire-iren kifin ruwan daɗi a duniya suna da su.

In matafiyi ya tsallaka Magama ya wuce Ɗan Isa, kafin ya kai Maraɗi akwai hanyar da ke ratsewa zuwa Madarumfa. Tafkinta shi ne ruwa mafi girma da ke daɗewa a jihar Maraɗi, gulbin nan da Gulbin Gabi suke ciyar da shi, kewaye da shi akwai kaburburan waliyyai da ake ziyarta, kuma a 2019 aka sa shi cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Sunayen kifin ba su canza ba, Hausar ma ɗaya ce, domin Katsinawa ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi a farkon ƙarni na 19. Abin da mai bincike zai kiyaye a nan shi ne al'adar zuba kifi a tafkunan Nijar: hukuma da ƙungiyoyin masunta sukan kawo 'ya'yan karfasa da tarwaɗa da wasunsu daga wani ruwa, don haka samun kifi a tafki ba ya nufin nan ne asalinsa. Rabon ruwan kansa magana ce tsakanin gwamnatoci. Yarjejeniyar Maiduguri ta 18 ga Yulin 1990 ta ambaci Gada da Gulbin Maraɗi cikin ruwaye 4 da ƙasashen biyu suka amince su raba bisa adalci. Manoman fadamar Maraɗi sun daɗe suna kokawa kan raguwar ruwa tun da aka datse gulbin, kuma bangon da ya tare ruwa ya tare kifin da ke haurowa daga Rima ma.

Iyakar da ta raba Magama da Ɗan Isa tana da alaƙa da tarihin wannan ilimi. Tsakanin 1906 da 1908 wata tawagar haɗin gwiwa ta Faransa da Ingila, ƙarƙashin Tilho da O'Shee, ta bi ƙasa daga Kwara zuwa tafkin Cadi tana kafa alamun iyaka. Likitan ɓangaren Faransa, Gaillard, ya tattara kifi a Komadugu da tafkin Cadi ya aika gidan tarihi na Faris, inda Jacques Pellegrin ya yi nazarinsu. Shi wannan Pellegrin ne kuma a 1929 ya bayyana Cobitis maroccana daga Maroko, ɗaya daga cikin 'yan kobitis ƙalilan da Afirka ke da su. Sauran suna Habasha: wanda George Boulenger ya bayyana a 1902 daga tafkin Tana, aka ware masa gidan Afronemacheilus a 2009, da wani ɗan uwansa da aka bayyana a 2013. Na Maroko makusantansa suna Sifen da Fotugal, na Habasha kuma suna yammacin Asiya. A Kwara da Rima da Gada da tafkin Cadi babu kobitis na asali ko ɗaya.

Wanda ya kama ƙurungun da bai dace da kowane bayani ba yana da hanyar da zai bi. Zai ɗauki hotonsa yana ɗanye kafin launi ya gushe, ya rubuta wuri da rana da irin kayan da aka kama shi da su da sunan da masuncin ya kira shi. Zai yanki ɗan guntun fiffike na gefen dama ya sa cikin tsantsar sinadarin alkohol domin gwajin ƙwayar halitta, hanyar da Paul Hebert ya yaɗa daga 2003, wadda ke karanta wani yanki mai harufa kimanin 650 a kwatanta da na sauran ire-ire. Gangar jikin za ta shiga ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10, bayan 'yan kwanaki a wanke ta a mayar cikin alkohol mai kashi 70. Tsawo ana auna shi daga hanci zuwa gindin wutsiya, ban da ita wutsiyar, domin takan gutsure. Sauran sassan jiki kuma a lissafa su a matsayin kaso na wannan tsawo, ta yadda za a iya gwada babba da ƙarami. Samfuri ɗaya ba ya isa, sai an tara manya da ƙanana, maza da mata. Bayan haka sai kwatanci da abin da aka riga aka rubuta: kundin Boulenger mai juzu'i 4 na 1909 zuwa 1916, littafin kifi da su na Arewacin Najeriya da Reed da abokan aikinsa suka fitar a 1967 wanda ya ƙunshi sunayen Hausa, jagorar Olaosebikan da Raji ta 1998 daga New Bussa, da babban aikin Paugy da Lévêque da Teugels na 2003 a kan kifin Afirka ta Yamma. In har ya tabbata sabon iri ne, dokar raɗa wa dabbobi suna ta duniya ta wajabta a zaɓi samfuri guda ya zama ma'aunin sunan, a ajiye shi inda kowane masani zai iya zuwa ya duba, a kuma buga bayanin da ya raba shi da makusantansa.

Kayan wannan aiki ba su fi ƙarfin kowace jami'a ba: ma'auni, allura, gilashi, kwalabe da haƙuri. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina, Jami'ar Tarayya tana Dutsin-Ma da sashenta na kifi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana Maraɗi, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa kuma tana New Bussa. Rubuta «Synodontis sp.» a rahoto a wuce, kamar yadda ake yawan yi, bai wadatar ba, domin irin da ke tace abinci a saman ruwa da wanda ke tonon ƙasa ba buƙatarsu ɗaya ba, kuma ba za a san wanda ke raguwa ba in dukansu suna ƙarƙashin layi guda. Ya kamata malaman waɗannan makarantu su haɗa hannu su bi gulbin daga madatsar Jibiya zuwa Madarumfa har Sabon Birni, da damina da rani, su zauna da Sarakunan Ruwa da tsofaffin masunta su rubuta sunan kowane kifi da Hausa kusa da sunansa na kimiyya, su kuma ajiye samfura a Katsina da Maraɗi inda ɗalibin ko wace ƙasa zai iya ɗauka ya ƙirga haƙoran da hannunsa.